Jarrabawar JAMB: Faɗuwa A Kimiyya Daga Karatu Take Farawa

Da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ta 2025 ya fito, hankalin jama'a ya tafi ne kan tangarɗar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, wadda ta sa shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi afuwa yana hawaye, aka kuma sake musu jarrabawar. Sai dai wannan uzuri bai iso gidajenmu na Arewa ba. Cikin kusan mutum miliyan biyu da suka zauna, sama da miliyan ɗaya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba a sakamakon farko, kuma a 2024 ma kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasa da 200 suka tsaya.

Ya kamata iyaye su san yadda jarrabawar take. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, wanda wajibi ne ga kowa, sai 40 a kowane ɗaya daga darussa uku da ɗalibi ya zaɓa. In aka raba lokacin, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi. Yaron da sai ya maimaita jumlar Turanci sau uku kafin ya gane abin da ake nufi, lokacinsa ya ƙare tun bai fara lissafi ba. Shi ya sa mai son karatun likita zai iya sanin Bayoloji da Kemistiri daidai gwargwado, ya kuma faɗi. Tambaya ta ce a zaɓi wanda ba ya cikin jerin, shi kuwa saboda gaggawa ya zaɓi na farkon da ya gane. Ko a ba shi nauyi da giram, ƙa'idar kuma kilogiram take nema, ya zuba lambar yadda ya gan ta. Irin wannan kuskure na karatu ne, ko da yake a takardar Fiziks ake rage makinsa.

Maganin da aka fi rungumar shi ne haddace tambayoyin shekarun baya. Da an kusa jarrabawa sai cibiyoyin lasin su cika, yara na rera amsoshi. Hadda ba abin rainawa ba ce, mu da muka san darajarta. Amma ko a zaure malamai ba su tsaya kanta ba: almajiri yakan karanta matani gaɓa-gaɓa, malam na fassara masa, ba a ƙara masa wani sai ya biya na jiya. Abin mamaki, yaron da ya saba da wannan tsari da yamma a Islamiyya, in ya ɗauki littafin boko sai ya watsar da shi. Da zai karanta sakin layi ɗaya na Bayoloji, ya rufe littafin, ya faɗi ma'anarsa da Hausa ga yayarsa ko mahaifinsa, da nan take an gane inda fahimtarsa ta tsaya. Tambayoyin baya kuwa amfaninsu a zauna da agogo a amsa su, sannan a koma kan kowace da aka faɗi a binciki dalili.

Akwai makin da ake zubarwa a banza. Kowane lokaci JAMB na ayyana littafin labari guda da za a yi tambayoyi a kansa. Shekarun baya The Life Changer ne na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Da yawa taƙaitawarsa kawai suke nema a waya, alhali karanta shi gaba ɗaya shi ne atisayen saurin karatu mafi arha. Haka manhajar kowane darasi tana shafin hukumar kyauta. Tun 2015 kuma da kwamfuta ake jarrabawar, don haka zalunci ne a bar yaro ya fara taɓa ta ranar da makomarsa ke rataye a kanta, bayan akwai jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa.

A ƙarshen 2025 gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyarwa da harshen uwa a firamare, wanda aka amince da shi a 2022, tana danganta shi da faɗuwar ɗalibai. Hujjar tana da rauni, domin tsarin bai samu littattafai da malamai ba balle a auna shi. Yaron da bai iya karatu da Hausa ba, da wuya ya iya da Turanci.

Kada kuma iyaye su ruɗu da maki 150 da aka sa a matsayin mafi ƙanƙanta na shiga jami'a a 2025. Wannan ƙofar layi ce kawai. Mai neman gurbin likitanci a Zariya ko Kano da masu maki nesa da 200 yake takara, kuma shirin wannan tun daga aji huɗu na sakandare ake fara shi.