"Ai ɗan yatsa ne kawai." Haka kawuna ma ya ce

1/ Akwai wata ɗabi'armu da ke ƙona min rai. Mutum ya yi tuntuɓe, yatsa ya kumbura ya yi baƙi, ka ce ya je asibiti, sai ka ji "haba, a kan ɗan yatsa? Ka cika raki." To ku tsaya ku ji.

2/ Kawuna yana da ciwon suga. Ƙusa ta soke shi a babban yatsa, bai ma ji zafi ba, don suga na kashe jijiyoyin ƙafa. Aka tsiyaya man birki, aka ɗaure da tsumma. Bayan sati uku sai wari. Da aka je asibiti, yanke yatsan aka yi.

3/ Jama'a, man birki na mota ne. Toka, ƙasa da man goge baki duk ba maganin rauni ba ne, datti kake ƙara masa. A wanke da ruwa mai tsafta da sabulu, a rufe da bandeji.

4/ Ban ce kowane tuntuɓe a ruga asibiti ba. In ƙaramin yatsa ne, bai karkace ba, fata ba ta tsage ba, kana iya takawa: naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 20, ɗaga ƙafar, sha parasitamol, ka huta da ƙwallo.

5/ Amma ka tafi YAU in:
- babban yatsa ne kuma ba ka iya takawa
- yatsan ya karkace ko ƙashi ya leƙo
- ya yi sanyi, ya canza launi ko ba ka jin sa
- jini ya taru ƙarƙashin farce yana zugi
- ja na yaɗuwa, ga mugunya ko zazzaɓi

6/ Mai ciwon suga kuwa ba ya jiran alama. Ko ƙwarzane ne, a nuna wa likita.

7/ In ƙusa ko kwalba ce ta yi rauni mai datti, kuma ka haura shekara 5 rabonka da allurar tetanus, je a yi maka. Tetanus na kisa, ba wasa.

8/ Masu cewa "mai ɗori ya isa": ina ganin girmansu, amma hannu ba ya ganin abin da hoton ƙashi ke gani. Kuma ɗaurin da ya matse da yawa na iya tsayar da jini.

9/ Na san babu kuɗi, ni ma ɗalibi ne. Amma kuɗin kati da bandeji ba ɗaya yake da kuɗin tiyata ba. Mu ɗalibai ma ga asibitin makaranta a kusa, ƙyuya ce kawai.

10/ Kawu yanzu ɗingishi yake zuwa masallaci. Duk mai iyaye masu suga, yau da dare ka duba ƙafafunsu, har tsakanin yatsu. Allah Ya ƙara mana lafiya.