Tallar Zaɓe a Intanet: Kowace Magana da Mai Ita

A da, in ɗan takara ya zo Dutse neman ƙuri'a, a dandali yakan tsaya, kowa ya ga fuskarsa. In ya yi ƙarya, an san ƙofar gidansa. Yau kuwa magana takan shiga WhatsApp da asuba, kafin azahar ta gama Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ba wanda ya san mai ita. Ba mu manta ba yadda a 2018 aka baza cewa Shugaba Buhari ya rasu an sa wani Jibrin daga Sudan a madadinsa, har sai da shi da kansa ya fito ya ƙaryata.

Ba wai babu doka ba. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana zage-zage da maganar da za ta taɓa addini ko ƙabilar wani wajen yaƙin neman zaɓe, ta kuma ce a tsai da talla sa'a 24 kafin ranar ƙuri'a. Gidan rediyo da jarida tilas su bi, don suna da mazauni da mai amsa kira. Amma wa za a tuhuma a kan saƙon da ya bi hannu dubu?

Waɗansu suka ce maganin abin shi ne a tsananta. Mu dai muna ganin a yi hattara. A watan Nuwamba 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda 'yar maganar da ya rubuta a Twitter a kan uwargidan Shugaban Ƙasa, sai da ƙasa ta ɗauki surutu sa'an nan aka janye ƙarar. Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ma, Kotun Ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce ya tauye 'yancin magana, har aka gyara shi a 2024. Dokar da ta bar wa mai mulki ikon rarrabe gaskiya da ƙarya, ran da mulki ya juya, kan wanda ya yi ta za ta faɗa.

Abin da muke roƙon 'yan majalisa shi ne, kowace talla ta zaɓe da aka biya kuɗi a intanet ta fito da sunan wanda ya biya, a kuma lissafa kuɗin cikin abin da ɗan takara ya kashe. Mai ƙarya ba abin da yake tsoro kamar a san shi.

Sauran aikin kuwa naku ne, malamai da ma'aikatan ofis, don ku ake kawo wa waya a ce, "Malam, duba mini." Kafin ku tura saƙo, ku tambaya wa ya faɗa, a ina, yaushe. In ba amsa, to, ya tsaya a hannunku. Magana zarar bunu ce.