MAKARANTA DA GIDA: Amsar da ke Bayan Littafi

Yawancin littattafan lissafi na makarantar sakandare suna da wasu shafuffuka a can ƙarshe, inda aka jera amsoshin tambayoyin gwaji. 'Yan'uwa iyaye, ku ɗauki littafin yaronku ku duba. In kun ga shafuffukan nan sun fi sauran dauɗa, bakinsu duk ya nannaɗe, to, kun gano inda ya ke yin aikin gidansa. Yanzu ma abin ya wuce nan, gama da wayar hannu ana ɗaukar hoton tambaya, kafin ƙiftawar ido ga amsa ta fito har da hanyar da aka bi. Yaro ya kwafe tsaf, malam ya ba shi maki, kowa ya yi murna. Ran da ya zauna ɗakin jarrabawar WAEC ko NECO kuwa, ba bayan littafi, ba waya. Ga shi kuma yawancin fannonin jami'a a Nijeriya ba a ɗaukar ɗalibi sai yana da kiredit biyar, har da Turanci da lissafi. Darasin nan guda ɗaya yakan zaunar da yaro a gida shekara guda ko biyu.

Iyaye sukan ce mana, "Mu da ba mu yi nisa a boko ba, ina mu ina aljabara?" Gaskiya ne, ba kowa ne zai iya koyar da shi ba. Amma akwai tambaya ɗaya wadda kowane uba da kowace uwa za su iya yi, ko da ba su taɓa shiga aji ba: "Yaya aka yi ka san amsar nan daidai ce?" In ya ce bayan littafi ne ya faɗa, bai gama aiki ba tukuna. A nan ne lissafi ya sha bamban da tarihi. Wanda ya manta shekarar da aka yi wani yaƙi, tilas ya koma ga littafi. Amsar lissafi kuwa ana iya mayar da ita cikin tambaya a ga ko ta zauna, ba sai an tambayi kowa ba.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A gidan kayan tarihi na Birtaniya da ke Landan akwai wata tsohuwar takarda ta Masar, wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekara 1550 kafin haihuwar Almasihu. Tana ɗauke da tambayoyin gwaji fiye da 80, irin su raba gurasa tsakanin mutane da auna rumbun hatsi, a cikin da yawa daga cikinsu kuwa bayan an sami amsa sai a sake haɗa ta a nuna ta cika. A 1945 kuma George Polya, wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari da ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya rubuta littafi a kan yadda a ke warware tambaya. Matakai huɗu ya ba da: a fahimci tambayar, a shirya hanya, a bi hanyar, sa'an nan a waiwaya a duba. Na huɗun nan shi ne yaranmu su ke tsallakewa.

Bari mu gwada da aljabara. Wani mutum yana da kaji da awaki. Ya ƙirga kawunansu ya sami 20, ya ƙirga ƙafafu ya sami 56. Kaji nawa, awaki nawa? A makaranta za a ce kaji su ne x, awaki y. Watau x + y = 20, kuma 2x + 4y = 56. In an ninka na farkon sau biyu aka cire shi daga na biyun, sai ya rage 2y = 16. Awaki 8 ke nan, kaji 12. To, a ce yaro ya rikice wajen rubutu ya juya su, ya ce kaji 8, awaki 12. Kawuna dai sun cika 20, saboda haka sai ya ɗauka ya gama. Uwa tana tsintar shinkafa a gefe tana iya ce masa, "Ƙirga mini ƙafafun in ji." Kaji 8 ƙafa 16, awaki 12 ƙafa 48, sun tashi 64. Tambaya ta ce 56. Shi da kansa zai koma ya gyara, uwar kuwa ba ta san x ba, ba ta san y ba.

Ita kalmar aljabara ma daga Larabci ta fito. Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ne ya sa ta a sunan littafinsa a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma jabr shi ne abin da mu ke kira ɗori, kamar na karaya. A littafin nan babu x ko y, da kalmomi ya rubuta komai, babban sashensa kuwa a kan rabon gado da wasiyya ne. Mai rabon gado ai ba ya tashi daga wurin sai ya haɗa kason kowa ya ga ya koma daidai da dukiyar da aka bari.

A lissafin siffofi, wanda a ke kira jometiri, hankali kawai yakan isa a kama kuskure. An jingina tsani mai tsawon ƙafa 13 a bango, gindinsa yana nesa da bangon da ƙafa 5. Ina kansa ya kai? Ƙa'idar da a ke jingina wa Fitagoras Bahelene, ko da ya ke mutanen Babila sun san ta fiye da shekara dubu kafin shi, ta ce a ninka 13 da kanta, 169, a cire 5 sau 5, watau 25. Ya rage 144, wanda shi ne 12 sau 12. Ƙafa 12 ke nan. Yara da yawa haɗawa su ke yi maimakon cirewa, su sami 194, su rubuta kusan ƙafa 14 ba tare da gabansu ya faɗi ba. Sai a tambaye su: tsanin da tsawonsa duka ƙafa 13 ne, ga shi kuma a karkace, yaya zai kai 14? In akwai magini a unguwa, a kai yaron ya ga ana kafa harsashi. Zai ga an ja igiya, an auna 3 a wannan gefe, 4 a wancan, in tsakaninsu ya ba da 5 kusurwa ta tsaya cif. Ƙa'idar ke nan, a kan ƙasa da turaku.

Inda mu ke so mu daɗe shi ne lissafin yiwuwa, domin a nan kuskure ba ya tsayawa ga maki. Asalinsa daga tambayar 'yan caca ne, wadda Faransawa biyu, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi ta rubuta wa juna wasiƙu a kai a 1654. Yau kuwa ya shigo har cikin zancen aure. Ga tambayar da ke fitowa a lissafi da kuma ilimin halittu: miji mai jinin AS ne, mata ma AS, mene ne yiwuwar su haifi ɗa mai SS, watau mai cutar sikila? Kowannensu zai ba ɗan ko A ko S. Hanyoyi huɗu ke nan: A da A, A da S, S da A, S da S. Amsa ita ce ɗaya cikin huɗu, kuma haka bayan littafi zai rubuta, 1/4.

Yaron da ya kwafe wannan 1/4 ya ci maki, amma ku tambaye shi ma'anarta. Sau da yawa zai ce cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu. Manya ma haka su ke ɗauka, har a ji ana cewa tun da na fari ya zo da cutar, uku masu zuwa sun kuɓuta. Ba haka ba ne ko kaɗan. Kowane ciki nasa lissafin daban ne, jini ba ya tuna abin da ya faru bara. Gida ɗaya yana iya haifar huɗu babu mai SS, yiwuwar haka kuwa ita ce 3/4 a ninka ta sau huɗu, 81 cikin 256, watau wajen 32 cikin 100. Wani gidan kuma biyu a jere su zo da ita, wannan ɗaya cikin 16 ne.

Yaya za a gwada irin wannan amsa, tun da ba a mayar da ita cikin tambaya kamar ta kaji? Da hannu. A samo huluna biyu, ɗaya ta uba, ɗaya ta uwa. A sa ƙwayar farin wake ɗaya da ta jan wake ɗaya masu girma daidai a kowace hula, farin A, jan S. Yaro ya rufe ido ya ɗauko ɗaya daga kowace, ƙanwarsa ta rubuta abin da ya fito, a mayar, a sake. A yi sau 100. Ja da ja zai fito wajen sau 25, ƙila 21, ƙila 29, ba lalle ya cika cif ba. Sa'an nan su duba jerin. Za su ga wani wuri ja da ja ya zo sau biyu a jere, wani wurin kuma an yi ɗauka takwas ko tara bai leƙo ba. Aikin rabin sa'a ne da dare ɗaya, kuma yarinyar da ta riƙe fensir a daren nan ba za a ruɗe ta ba ran da aka kawo mata takardar gwajin jini kafin aure.

Ƙididdiga ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Manoma biyar sun sami buhu 4, 5, 6, 7 da 38. A haɗa, 60, a raba biyar, matsakaici 12. Gwajinsa mai sauƙi ne: 12 sau 5 ya koma 60, kuma matsakaici ba ya kasa mafi ƙanƙanta ko ya wuce mafi girma. Sai dai a sa yaro ya lura cewa huɗu daga cikin biyar ɗin ko kusa da 12 ba su kai ba, mai buhu 38 ne ya ja lissafin sama. Lambar da ke tsakiya in an jera su, watau 6, ta fi faɗin gaskiyar ƙauyen. Wanda ya gane wannan, in ya ji an ce "matsakaicin abin da manomi ke samu" a rediyo, zai so ya san yadda aka ƙirga.

A ganinmu tambaya biyar da aka gwada amsarsu sun fi ashirin da aka kwafe, kuma kaɗan kaɗan kowace rana ya fi a tara a daren jarrabawa. Ba mu ce a yage bayan littafi ba, yana da amfaninsa. A sa masa allura ko a ɗaure shi da zare, sai yaro ya gama nasa gwajin a kwance.

Ga na wannan wata, ba za mu buga amsoshinsu ba. Shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku, bayan shekara 12 za su ninka sau biyu kawai. Shekarun kowannensu nawa yanzu? Ɗaki tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 6. Igiya mai tsawon nawa za ta kai daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta? Ɗaliba ta ci 40, 55, 60 da 65 a gwaji huɗu. Nawa ta ke bukata a na biyar domin matsakaicinta ya zama 60? Na ƙarshe kuma: miji AA ne, mata AS, me za a zuba a hular uba, kuma sau nawa ja da ja zai fito cikin ɗauka 100?