Canjin Jirgin Ƙasa a Turai: Sauri Ya Haifi Nawa

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma ga alama ɗaliban Hausa na cikin waɗanda wannan mabuɗi zai yi wa amfani, domin ana nazarin harshenmu a jami'o'in Hambug da Warso da Faris. Duk wanda Allah ya nufa da zuwa can, ko don taro ko don ƙaro ilmi, zai tarar jirgin ƙasa shi ne jakin matafiya. Sau da yawa kuwa jirgi ɗaya ba ya kai mutum inda ya nufa, sai ya sauka a wata mahaɗa ya kama wani, wani lokaci cikin minti biyar ko shida kacal. Ra'ayina shi ne bai kamata baƙo ya yarda da irin wannan gajeren canji ba, sai ya auna abubuwa uku: halin jiragen ƙasar, da fasalin tashar, da irin tikitin da ke hannunsa.

Dalilin da ya sa maganar ta shafe mu ainun shi ne sabo. A tashoshinmu na mota, sai mota ta cika take tashi, in kuwa fasinja ya je alwala, ɗan kamasho zai iya tsai da direba. Jirgin Turai agogo yake bi, ba ya sauraron magiya. A Faransa ma, minti biyu kafin jirgin TGV ya tashi ake hana shiga.

Mu fara da halin jirage. A Suwizalan, tun 1982 aka tsara jadawali yadda jirgi zai riƙa tashi a minti iri ɗaya cikin kowace sa'a. A 2004 kuma suka buɗe sabon layin dogo wanda ya mai da tafiya tsakanin Zurich da Bern ƙasa da sa'a guda. Hikimar abin ita ce jirage su taru a manyan tashoshi gab da cikar sa'a ko rabinta, fasinjoji su yi musaya, sa'an nan kowane jirgi ya kama gabansa. A irin wannan ƙasa, minti shida sun wadatar, domin da gangan aka yanka su. Amma a Jamus, kamfanin Deutsche Bahn da kansa ya bayyana cewa a 2024 kashi 62.5 cikin 100 ne kawai na jiragensa masu dogon zango suka isa kan lokaci, alhali kuwa a lissafinsu jirgin da ya makara da ƙasa da minti shida bai makara ba. To, wanda ya ba kansa minti shida a can, ai ya ɗora tafiyarsa a kan sa'a.

Na biyu, fasalin tasha. Wani canjin taku goma ne, watau ka sauka ka tarar da ɗaya jirgin a gabanka. Wani kuwa tafiya ce mai zaman kanta. Wanda ya taso daga Landan a jirgin Eurostar zai sauka Faris a tashar Gare du Nord, amma jiragen da ke zuwa Liyon da Marsai daga Gare de Lyon suke tashi, sai mutum ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ratsa gari da kayansa. Haka nan mai komawa Landan, kafin ya shiga jirgi ake duba fasfo da kaya, kuma ana rufe ƙofa tun da sauran rabin sa'a. A Kolon ma akwai manyan tashoshi biyu, kogin Rhine ya raba su. Baƙo mai akwati biyu, wanda bai iya karanta allunan Jamusanci ba, ba zai yi saurin ɗan gari mai jaka a kafaɗa ba.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, tikiti. Bisa dokar Tarayyar Turai, wanda ya sayi tafiyarsa dukanta a tikiti ɗaya, in jirgin farko ya makara har na biyu ya kuɓuce masa, haƙƙinsa ne a kai shi inda ya nufa ba tare da ƙarin kuɗi ba. In makarar ta kai sa'a guda a mayar masa da rubu'in kuɗinsa, in ta kai sa'a biyu a mayar da rabi. Amma wanda ya sayi tikiti biyu daban-daban don neman rangwame, doka ba ta tsaya masa haka ba, sai dai in kamfani ya ga dama ya yi masa alfarma. Ɗalibi mai ɗan guzuri na iya wayar gari ya sayi sabon tikiti da tsada, ga kuɗin makwanci in jirgin ƙarshe ne ya wuce. Araha dai ba ta ado.

Wani zai ce, ai kwamfuta ba za ta nuna canjin da ba zai yiwu ba. Gaskiya ne, kowace tasha tana da mafi ƙarancin lokacin da aka ƙayyade mata. Sai dai wannan lissafi ya ɗauka cewa jirgi ya iso kan kari, kuma fasinja ya san hanya. Wani kuma zai ce jira ɓata lokaci ne. Amsa a nan ita ce a duba jirgin da ke biye. In bayan rabin sa'a akwai wani, kuma tikitin ya yarda a shiga shi, to gajeren canji ba shi da laifi. In kuwa sai gobe, ko jirgin sama ne ke jira, ko gabatar da takarda a gaban shehunnan malamai, to zaman minti talatin a kan benci ya fi gudun da ba shi da tabbas.

Saboda haka shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce a haɗa tafiya a tikiti ɗaya, a ƙara wa canji lokaci, a san lambar dandamali tun kafin a sauka, a matso da kaya bakin ƙofa da wuri. In jirgi ya makara a sanar da kwandasta, domin matambayi ba ya ɓata. Malamanmu da suka riga mu zuwa kuma, muna roƙon su riƙa yi wa masu shirin tafiya bitar waɗannan abubuwa kafin su tashi. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.