TAFIYA MABUƊIN ILMI: Alkubus ɗin mutanen Kanton

Filin wannan wata ya yi nisan zango. Zai kai mai karatu ƙasar Sin, wadda jama'a ke ce wa ƙasar Sinuwa, cikin wani babban birni mai suna Kanton. Ƴan kasuwa suna kiransa Gwanzu. Birnin yana kudancin ƙasar, a bakin wani babban kogi, kusa da teku. A ƙidayar 2020 mutanensa sun wuce miliyan 18. Tun 1957 ake cin wata babbar kasuwar baje koli a can, sau 2 kowace shekara. Ƴan kasuwa na Maraɗi, da Damagaram, da Yamai suna zuwa saro yadi, da takalma, da wayar salula, da kayan babur. Da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida suna da ɗa ko ƙane da ya taɓa zuwa, ko yana shirin zuwa. Shi ya sa zancen abincin garin ba zancen banza ba ne.

Tsakanin Nijar da Kanton akwai awa 7. Lokacin da dare ya raba a Maraɗi, su can ƙarfe 7 na safe ne. A wannan lokaci ƙananan kantunan burodi sun riga sun buɗe. Ba gidajen manya ba ne. Lebura, da ɗan makaranta, da tsohuwa mai zuwa cefane, kowa yana tsayawa. A wasu kantunan mutum zai ɗauki faranti da wani ɗan ƙarfe mai kama da awartakin maƙeri, ya zaɓi abin da yake so da kansa, ya kai wurin biya. Ba a taɓa abinci da hannu. Ba a ciniki, kowane abu da kuɗinsa a rubuce. Ga amfanin karatu ke nan, ko da lambobi kaɗai mutum ya iya.

A bakin ƙofa, abin da baƙo zai fara gani tururi ne. Akwai wasu faya-faye masu zurfi da aka saƙa da gora. Ana ɗora su ɗaya bisa ɗaya, 5 ko 6 ko fiye, a kan tukunya guda mai tafasa. Ƙasan kowane ɗaya yana da ƙofofi kamar madambaci. Tururi yana bi ta ciki har ya kai na sama. Idan aka buɗe murfi sai a ga curi-curi farare tas, kowane ɗaya bai kai dunƙulen hannu ba. Sunansu bau.

Duk macen da ta iya alkubus ta san rabin wannan aiki. Garin alkama ne, da yis, da sukari, da ruwa. A kwaɓa, a bari ya tashi, a turara. Bambancin biyu ne. Na farko, ƙullun bau ya fi na alkubus tauri, saboda haka ba ya bukatar gwangwani, da hannu ake cura shi. Na biyu, alkubus da miya ake cinsa, shi kuwa bau miyarsa tana cikin cikinsa.

Wanda ya gutsura zai ji laushi kamar auduga. Ba shi da ɓawo mai ƙarfi irin na burodin tanda. Tsohon da ba ya da haƙori zai ci ba wahala. Akwai mai jan wake da aka dafa, aka niƙa, aka haɗa da sukari, ana ce masa dau-sa bau. Bahaushe zai yi mamaki, domin shi wake da gishiri da yaji ya san shi, amma loma ta biyu takan kawar da mamakin. Akwai lin-yung bau. Cikinsa ƴaƴan wani tsiro ne na tafki mai kama da bado, an niƙa su sun yi santsi. Akwai kuma lai-wong bau mai ƙwai da madara da sukari, cikinsa rawaya kamar gwaiduwa. Shi ne yara suka fi so. Sai dai a yi hankali, yana fitowa da zafi ƙwarai, mai gaggawa yakan ƙone harshe.

To, ga inda gizo ke saƙa. Wanda ya fi duka suna a Kanton shi ne ca-siu bau. Samansa yakan tsage, a hangi wani jan romo mai ƙamshi. Abin da ke ciki gasasshen naman alade ne. Mai kanti ba zai ɓoye ba, amma kuma ba zai faɗa ba idan ba a tambaye shi ba, domin a wurinsa alade shi ne naman yau da kullum. A ƙasar Sin, in aka ce nama kawai ba a ƙara kome ba, galibi alade ake nufi. Daga waje kuwa bau mai wake da bau mai nama duk farare ne, kuma kusa da juna ake turara su.

Wannan ma da sauƙi, tunda nama ido yana ganinsa. Mai wuyar shi ne man alade. Shi ba a ganinsa, cikin ƙullu ake murza shi. Masu toye-toyen Kanton sun daɗe suna aiki da shi, domin yana sa ɓawo ya yi rumu-rumu. Yau wasu sun koma man shanu ko man itatuwa, wasu kuma suna nan kan na dā.

Misali dan-tat. Ɗan ƙoƙo ne na ƙullu, an zuba masa ƙwai da madara da sukari, an gasa a tanda. Kallonsa kawai yana sa yawu. An koyi irinsa daga Turawan Ingila, mutanen Kanton suka gyara shi daidai bakinsu. Ba nama a ciki, amma ɓawon nan mai hawa-hawa sau da yawa da man alade ake yinsa. Haka bolo bau, wato burodin abarba. Sunan nan yaudara ne, ko ɗigon abarba babu a ciki. Samansa ne aka lulluɓe da ɓawo mai sukari, in ya gasu sai ya tsattsage kamar bayan abarba. Mutanen Hong Kong, birnin da ke kusa da Kanton wanda Ingila ta mayar wa Sin a 1997, suna ji da shi har sun sa sana'ar yinsa cikin jerin al'adun gadonsu a 2014. Shi ma ɓawonsa na gargajiya akwai man alade.

Akwai wani kuma da ake kira wainar matar aure. Cikinta wata irin kabewa ce da aka dafa da sukari. Suna ba da tatsuniya cewa wata mata ta sayar da kanta don a sayi maganin surukinta, mijin ya yi ta toya wainar yana sayarwa har ya fanshe ta. Labarin da daɗi. Ɓawon kuwa yana bukatar tambaya kamar sauran.

Yaya baƙo zai yi? Kalmar alade a bakinsu ita ce ju. Man alade ju-yau. Kalmar halal kuwa cin-jan. Abin da ya fi shi ne tun kafin a tashi daga masauki, a sa wanda ya iya rubutun Sinawa ya rubuta tambayar a takarda: akwai alade ko mansa a ciki? Sai a riƙa nuna wa mai kanti. Faɗa da baki ba ya isa, domin harshensu da hawa da saukar murya ake rarrabe kalmomi, kamar yadda Hausa ke rarrabe gari na ci da gari na zama. Baƙo yana iya faɗin abu ɗaya a ji wani. In mai kanti ya yi jim bai ba da amsa ba, a bar masa kayansa. Wanda bai sani ba daban, wanda ya ƙi tambaya daban.

Kuma kada a ɗauka ba Musulmi a garin. Masallacin Huaisheng na Kanton yana cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Musulmin wurin suna danganta shi da Sahabi Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, kuma hasumiyarsa tana nan tsaye. A unguwar Shiyawbe, inda ƴan Afirka suka fi sauka, akwai gidajen abinci na Musulmi. A Hong Kong ma, cikin benen Masallacin Ammar, akwai ɗakin cin abinci inda ake yin irin waɗannan kaya da naman kaza da na saniya. Wanda yake son ya ɗanɗani bau mai nama da zuciya ɗaya, irin wuraren nan zai nufa.

Yanzu kuma zancen waɗanda ba za su taɓa hawa jirgi ba, kuma su ne suka fi yawa. Akwai abin ɗauka a nan. Mace mai tuyar ƙosai ko fanke ta san inda ribarta ke tafiya, mai ne yake cinye ta. Bau ba ya shan mai. Faya-faye bisa juna kuma suna sa wuta guda ta yi aikin tukunya uku, ga shi itace ya yi tsada. Wake yana nan cikin rumbu. Riɗi da gyaɗa da dabino duk za su iya shiga ciki. Alkama ana noma ta a garake na Ayar da fadamun noman rani, garin kanti ma ana samu a kasuwa.

Ga awon gwaji. Garin alkama rabin kilo. Ruwa mai ɗumi rubu'in lita. Yis ƙaramin cokali 1 cike. Sukari babban cokali 3. A kwaɓa, a murza da kyau har ƙullun ya daina kama hannu. A rufe shi awa 1, sai ya ninka. A raba shi 12. A faɗaɗa kowane curi a tafin hannu, a sa dafaffen wake mai sukari wanda aka tsane ruwansa sarai, a tsuke bakin. A shimfiɗa ganye mai tsabta cikin madambaci don kada su like, a jera su da tazara, domin za su ƙara kumbura. Su huta minti 15. Sannan a ɗora bisa ruwan da ya riga ya tafasa, a turara minti 15. In an sauke, kada a buɗe murfi nan take, a jira kaɗan. Iska mai sanyi tana sa su motse.

Wani zai ce, me zai hana a yi da gero, tunda shi ne ke gida? Ba zai tashi haka ba. Alkama tana da wani danƙo mai riƙe iskar da yis ke fitarwa, gero da dawa ba su da shi. Ana iya gauraya ɗan garin gero kaɗan cikin na alkama, amma in ya yi yawa curin zai fito kamar dutse.

Gaskiya ɗaya kuma, bau ba zai maye gurbin fura ba. Farin gari ne da sukari, mai huɗa tun safe ba zai kai azahar da shi ba. Mai ciwon sukari ma ya yi nesa da mai zaƙin. Abin kasuwa ne da bakin makaranta da tashar mota. Kuma ba ya kwana. In ya huce yakan yi tauri, sai an sake turara shi. Mai nama a ciki kuwa, a zafin bazara, wanda aka yi da safe kada ya kai la'asar.