Rigar Ruwa Ta Doki, Da Abin Da Ya Fi Ta Amfani A Ƙasarmu

Dagatai da masu unguwanni, da ku manoma masu doki a turke, ga wata magana da na ke so mu duba tare tun hadari bai fara haɗowa ba.

Akwai wata riga da Turawa ke sa wa dawakinsu in za su sake su a fili lokacin ruwa. Ta kan rufe doki tun daga gindin wuya har bisa wutsiya, a ɗaure ta a ƙirji, sa'an nan a gicciya maɗauri biyu ta ƙarƙashin ciki. Irinta marar nauyi a kan gan ta wurin masu wasan holo, wani lokaci kuma ta ɓullo cikin kayan gwanjo. Wanda ya ke son dokinsa, in ya gan ta sai ransa ya biya, ya ce lalle wannan ita ce maganin damina. Ni dai shawarata ita ce, ku dakata. Riga ce mai kyau, an yi ta da hikima, amma don wani ruwa dabam aka yi ta, ba irin namu ba.

Ku fara sanin ƙasar da aka yi ta dominta. A Ingila da Ailan ruwa ya kan zo har cikin tsakiyar sanyi. Ba ya zuba kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke, yayyafi ne da iska, a wuni a kwana ana abu ɗaya. Cikin watan Janairu ma'aunin zafi a London ya kan tsaya wajen digiri 5. Doki kuwa Allah ya yi masa tasa rigar. Gashinsa na da maiƙo wanda ke sa ruwa ya gangare, in sanyi ya taso kuma gashin ya miƙe ya riƙe iska mai ɗumi kusa da fata. Masana sun auna, sun ce tsakanin digiri 5 da 25 lafiyayyen doki ba ya shan wahala wajen riƙe ɗumin jikinsa. Abin da ke ka da shi shi ne ruwa da iska tare, gama ruwa na kwantad da gashin, iska ta kwashe ɗumin. Har wa yau Turawa kan aske dawakin da su ke hawa cikin sanyi don kada gumi ya dame su. To, wanda ya aske wa doki rigar da Allah ya ba shi, ai tilas ya biya shi da wata.

Da fari da tamfol na auduga a ke yinta, a shafe shi da kaki, a yi masa shafi da bargon ulu. Ita a ke kira rigar Niyu Zilan. Zaren auduga in ya sha ruwa sai ya kumbura ya toshe ƙofofin saƙa, wannan shi ne asirinta. Aibinta nauyi. In ta jiƙe, ɗaga ta ma aiki ne, ta kan yi kwanaki ba ta bushe ba, sai mai doki ya ajiye biyu yana musanyawa. Da aka sami zaren nailan a 1935, da na poliyesta a 1941, sai hanya ta buɗe. Kamfanin Horseware, wanda aka kafa a garin Dundalk na Ailan a 1985, yana cikin waɗanda suka yi suna da sabuwar riga marar nauyi. Yanzu ita ta rinjayi ta tamfol a can.

Abu uku ke hana ruwa ratsa wannan sabuwar riga. Na ɗaya, wani magani da a ke sa wa bayan yadin, wanda ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare kamar a bisa ganyen gwaza. Na biyu, wani shafe siriri mai kama da roba a cikin yadin. Na uku, ƙyallen da a ke liƙawa bisa ko wane ɗinki, domin duk inda allura ta bi ƙofa ce. Ɗaya daga cikin ukun nan in ya lalace, sauran biyun ba su iya rufe masa asiri.

A jikin takardar rigar za ku ga lambobi, masu talla kuwa su kan ruɗa mutane da su. In kun ga 600 ko 1200 ko 1680 da harafin D a gaba, wannan kaurin zare ne. Ana auna nauyin zare mai tsawon mita 9,000, abin da ya ba da na giram shi ne lambar. Babbar lamba na nufin yadin ya fi jure ƙaya da cizon wani doki, ba ta ce kome ba a kan ruwa. In kun ga 0 ko 50 ko 100 da harafin g, wannan nauyin abin ɗumin da aka cusa ne cikin ko wane murabba'in mita. Su ne a ke kira marasa nauyi, masu nauyi kuwa su kan kai 300 har su wuce. Lambar ruwa ita ce wadda a ke rubutawa da milimita, yawanci 3,000. Ga yadda a ke samunta: a miƙe yadi a ƙarƙashin bututu, a yi ta ƙara ruwa har ɗigo ya ɓullo ta ƙasa. Watau yadin ya ɗauki ruwa mai tsawon mita 3, ya fi bangon ɗaki tsawo, kafin ya yi yoyo. Abin mamaki ne, ban musa ba. Amma ku tuna sabon yadi aka gwada, a ɗakin gwaji, ba wanda doki mai nauyin kilo 400 ya yi birgima da shi cikin taɓo ba. Kuma bututu bai san wuyan riga ba, inda ruwa ke bin geza ya sulale ciki ko da yadin bai huje ba.

Yanzu ga inda maganar ta ke. Doki dabba ce mai gumi ƙwarai. In yana aiki mai tsanani cikin zafi ya kan zubar da lita 10 har 15 cikin sa'a ɗaya, ko yana tsaye ma tururi na fita daga fatarsa. Masu yin riga sun san haka, shi ya sa suka yi shafen cikin yadda tururi zai ratsa shi ya fita, ruwa kuwa ba ya shiga. Amma tururi ba ya fita sai iskar waje ta fi ta cikin riga sanyi da bushewa. A Ingila haka abin ya ke. A Kano kuwa cikin watan Agusta, tsakiyar marka, da rana zafi na kai wajen digiri 30, da dare ba ya sauka ƙasa da 20 sosai, iska kuma cike ta ke da laima. Ina tururin zai tafi? Sai ya koma ruwa a jikin doki. Hadarinmu kuma sau da yawa sa'a ɗaya ne ko biyu, rana ta buɗe. Dokin da ruwa ya daka tsirara, kafin a jima ya bushe. Wanda ke cikin riga kuwa, ruwan sama bai taɓa shi ba, amma yana nan yana dahuwa cikin guminsa har yaron doki ya tuna da shi. Wanda ya taɓa yafa leda ya je gona da damina ya san abin da na ke faɗi. Kabidon Fulani ya fi ta hankali, gama ruwa na gangarewa ta bisa kaba, iska na shiga ta ƙasa.

Kada ku ɗauka wahalar zafi ce kaɗai. Kun san kirci a jikin shanu. Ƙwayar da ke kawo shi, wadda wani likitan dabbobi ya fara bayyanawa a ƙasar Kwango a 1915, ita ce dai ke kama doki a gadon baya da kuturi. Gashi ya harhaɗe da ɓawon ƙurji, in ka ja ya tuge tuntu tuntu, ya bar jan miki a ƙasa. Wannan ƙwaya ba ta iya shiga busasshiyar fata mai lafiya. Sai fata ta daɗe a jiƙe ta yi laushi, ko kaska da ƙuda sun huda ta. Ita kuwa ba ruwanta ko ruwan sama ne ya jiƙa fatar ko gumi. Rigar da aka saya don tsare bayan doki, ita za ta iya zama gidan ciwon. Ƙwayar kuma na rayuwa watanni cikin busasshen ɓawo, saboda haka rigar gwanjo da ba ku san bayan da ta fito ba, ku yi tsoronta. Dokin da bayansa ya ɓaci ba shi ɗaukar sirdi. Dagacin da hakimi ya aiko masa a shirya hawan salla, ya tarar da dokinsa da miki a gadon baya, ba sai na gaya masa irin kunyar ba.

Akwai wani gwaji da aka yi a ƙasar Norwe, aka buga labarinsa a 2016, wanda ya ba ni dariya ya kuma ba ni tunani. An koya wa dawaki 23 su taɓa allo da hanci: wannan allo na nufin a sa mini riga, wancan a cire, na uku a bar ni yadda na ke. Cikin mako biyu duk suka iya. Ran da aka yi ruwa da iska, ma'auni na ƙasa da digiri 10, kusan dukansu suka nemi riga. Ran da rana ta fito, zafi ya kai digiri 20 da 'yan kai, masu riga suka ce a tuɓe musu. Ku lura, zafin da dokin Norwe ya ce ya ishe shi, shi ne sanyin asubahinmu na damina.

Ban ce ba ta da rana ko kaɗan ba. A bisa duwatsun Jos da Mambila ruwa na zuwa da sanyi na gaske, ya kuma daɗe. Tsohon doki, da ramamme, da wanda ya tashi daga ciwo, in ruwa ya dake su su kan yi makyarkyata ko a ina su ke. Haka wanda tafiya ta kama shi a hanya, ba inda zai fake. Ga irin waɗannan riga marar abin ɗumi na da amfani, muddin za a cire ta da ɗaukewar ruwa. Ka'idar guda ce: ka zura hannu ƙarƙashinta ta bayan kafaɗa. In ka ji ɗumi a bushe, to, madalla. In ka ji danshi, tuɓe ta nan take.

Amma ga yawancinmu, kuɗin riga ɗaya gara a kashe shi a barga. Ku duba jinka tun bazara, a ƙara shuci inda ya zube. Ku tsare gabas da zana ko bango, tun da ya ke ta nan hadarinmu ke tasowa, ku bar sauran sassa iska ta riƙa ratsawa. Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne daɓe. Sau nawa na ga barga mai kyakkyawan rufi, doki kuwa na tsaye cikin caɓi da fitsari har ya rufe kofato! Daga nan ruɓewar kofato ke farawa, da ƙurajen dundunniya, ba kuwa rigar da ke kai wa can. A ɗaga ƙasan da marmara kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkata shi, a zuba yashi, a haƙa lambatu ta baya, a riƙa kwashe kashi safe da yamma. Barga kuma na tsare doki daga ƙananan ƙwarin nan masu cizo da magariba da asuba, waɗanda ke yaɗa mugun ciwon dawaki da damina, balle in an ɗan yi hayaƙi. Riga kuwa ta bar ciki da ƙafafu da kai a buɗe. In ruwa ya daki doki a waje, a share ruwan da gefen hannu, a goge shi da damin busasshiyar ciyawa ko tsohon buhu, a bar shi ya sha iska. Kada a ɗaura sirdi bisa jiƙaƙƙen baya. Jalala da ƙyallen ƙarƙashin sirdi a shanya su ko wane dawowa, kada kuma dawaki biyu su yi tarayya da ƙyalle ɗaya.

Wanda ya riga ya mallaki rigar, ko ya ƙudura sai ya saya, ga yadda zai gwada ta tun bai biya ba. Ya shimfiɗa ta bisa bakin babban daro, ya danna tsakiya ta yi kwari daidai inda ɗinki ya bi, ya zuba ruwa kwano ɗaya, ya je ya yi wata hidima. In ya komo ya ga ɗigo cikin daro, ya bar wa mai ita kayansa. Ya kuma yayyafa ruwa a bayanta. In ya dunƙule ya gangare, maganin bayan na nan. In yadin ya yi duhu ya sha, maganin ya ƙare, irin wannan kuwa ko ba ta yoyo ba ta barin tururi ya fita. In ya iya leƙa cikin yadin ya ga shafen na danƙo ko yana ɓarewa kamar fatar maciji, ta mutu, ba gyara. Zafi da laima su ke cin wannan shafe, shi ya sa rigar da ta yi shekaru a Ingila ba lalle ta yi rabinsu a nan ba.

Wajen wanki kada a sa mata garin sabulu, gama yana cinye maganin bayan. A bari taɓo ya bushe, a kakkaɓe, a ɗauraye da ruwan sanyi zalla, a shanya a inuwa, domin rana na tsofar da nailan. In damina ta wuce, sai ta bushe sarai kāna a naɗe ta, a rataye daga rufi inda ɓera ba ya kai.