Makullin Mota da Littafin Ciniki

Fim ɗin Cadillac Records na 2008 ya ba da labarin kamfanin Chess na birnin Shikago, inda aka naɗi waƙoƙin Muddy Waters da Chuck Berry a shekarun 1950. Motar ce ta tsaya mini a rai: mai kamfani yakan miƙa wa mawaƙi makulli, littafin cinikin faifai kuwa yana hannunsa.

Mu nan Jahun wannan ba baƙon al'amari ba ne. Mamman Shata ya sha kyautar motoci, amma kasakasansa da aka yi ta kwafa a kasuwanninmu, wa ya ƙidaya su? Ya rasu a 1999, muryarsa na yawo a wayoyi kyauta. In Kannywood za ta yi fim ɗinsa, ta fara da wannan lissafi kafin a ji kalangu.